KU DUBA GWIWAR SANIYA, KU GANE TAKU

Jawabi ga makiyaya bisa ginin jiki, gaɓoɓi da cutar bakkale

    

Kun saba in kunka gan ni, allura na zo yi, ko duba bisa marar lahiya. Yau ban ɗauko allura ba. Magana na kawo, kuma maganar jikinku ce, ku mutane. Wani zai ce: malamin bisashe, mi ya kai ka ga jikin mutum? Dalilina biyu ne. Na farko, ginin jikin mutum da na saniya, da na tunkiya, da na raƙumi, kusan guda ne. Na biyu, akwai cutar da ke kumbura gwiwar saniya, kuma ita ce ke kama kwankwason mai saniyar. In kunka gane yadda jiki yake, za ku gane ta inda take bi.

Ba ku bukatar takarda don wanga karatu. Kowanenku ya hiɗe ragon layya ko na suna. Ku tuna abin da wuƙa ke tararwa, daga waje zuwa ciki.

KAYAN GININ JIKI

Ɗaki ana gina shi da laka, da itace, da igiya, da zana. Jiki ma da kayanshi.

Fata ita ce katanga. Muddin ba ta tsage ba, ƙwayoyin cuta da yawa ba su samun ƙofa. Ƙarƙashinta akwai farin tantani da kitse. Sannan tsoka, jan naman da muke ci. Tsoka aikinta guda: ta taƙure ta ja, ta saki. Ba ta turawa. Shi ya sa kowace gaɓa ke da tsoka gaba da baya, wata ta lanƙwasa, wata ta miƙe.

Sai ƙashi. Kada ku ɗauka ƙashi busasshen icce ne. Yana da rai, jini na shiga cikinshi, shi ya sa in ya karye yake haɗewa. Cikinshi akwai ɓargo. Wanda kuke tsotsa cikin ƙashin ƙwauri kitse ne. Amma jan ɓargon da ke cikin haƙarƙari, da ƙashin baya, da ƙashin ƙugu, nan ne ake ƙera jini.

Ga bakin kowane ƙashi, inda yake gamuwa da ɗan uwanshi, akwai guringuntsi, fari mai santsi. Shi jini ba ya shiga cikinshi. Don haka in ya cinye, da wuya ya komo.

JIJIYA BA IRI GUDA BA CE

Mu Hausawa abu huɗu muke kira jijiya, alhali aikinsu daban.

1. Jijiyar jini. Tana da rami kamar tiyo. Wata tana ɗauko jini daga zuciya, ita ce ke harbawa in kun taɓa wuyan hannu. Wata tana maida jini ga zuciya, ita ce kuke gani kore-kore bisa hannu, kuma ita muke nema ga wuyan saniya in za mu ɗebi jini.

2. Agara. Fara ce mai tauri, tana ɗaure tsoka ga ƙashi. Ita ce mahauci ke rataye rago da ita. Ku shafa bayan dundunniyarku, ga taku nan. In gatari ko lauje ya tsinke agara, ɗori ba ya gama ta. Sai likita ya ɗinke.

3. Igiyoyin gaɓa. Gajeru ne, suna ɗaure ƙashi da ƙashi don kada su rabu.

4. Jijiyar saƙo. Farin zare ne mai taushi. Tana hitowa daga ƙwaƙwalwa da laka, lakar nan da ke cikin ƙashin baya. Ita ke kai umurni ga tsoka, ita ke kawo labarin zahi. Kun taɓa buge gwiwar hannu kunka ji tsir har ga ƙaramin yatsa? Ita ce kunka taɓa.

Kun san saniyar da ta faɗa rijiya bayanta ya karye, ƙafar baya ba ta sake tashi. Laka ce ta tsinke. To mutum ma haka ne. Wanda ya faɗo daga raƙumi ko daga bisa icce, yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a ɗauka. A kwantar da shi miƙe bisa ƙyaure ko katako, wani ya riƙe kai kada ya juya, a kai shi likita haka nan.

ƘASHINMU DA NASU

Babban mutum yana da ƙashi 206. Jinjiri nashi sun hi haka yawa, don wasu sai yana girma suke haɗewa.

Ƙashin wuyan mutum 7 ne. Na saniya 7. Na raƙumi, duk tsawon wuyan nan, 7. Raƙumin dawa na Kure, kusa da Yamai, shi ma 7. Tsawo ne ya bambanta, lissahi guda ne. Haƙarƙarin mutum 12 ne kowane gehe, mace da namiji duka. Na saniya, tunkiya da akuya 13. Na doki 18.

Ga wani abin da ya ba ni mamaki lokacin da nike lakkol. Abin da muke kira gwiwar saniya ga ƙafar gaba, daidai yake da wuyan hannunmu. Gaɓar nan ta ƙafar baya mai tsini, wadda ke kallon baya, ita ce dundunniyarta. Gwiwarta ta gaskiya, mai ƙoƙo, tana can sama kusa da ciki. Ke nan saniya bisa yatsa biyu take tahiya, kofato kuwa akaifarta ce. Jaki da doki bisa yatsa guda. Amma cikin wanga jawabi za mu ci gaba da kiranta gwiwa, yadda munka saba.

YADDA GAƁA TAKE

In kunka yanke gaɓar rago, ku duba da kyau. Za ku ga bakin ƙashi biyu, kowane da hularshi ta guringuntsi. Za ku ga jaka ta tantani ta ruhe su. Cikin jakar akwai ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Shi ne man gaɓa. Kaɗan ne ƙwarai, bai cika cokali ba. Daga waje igiyoyi sun ɗaure, agara ta ratsa. Inda agara ko fata ke gugar ƙashi, akwai wata ƴar jakar ruwa, kamar gammo. Ku riƙe maganar gammon nan, za mu komo gare shi.

Gaɓa iri-iri ce. Ta kafaɗa da ta katara kamar taɓarya cikin turmi, suna juyawa ko'ina. Ta gwiwa da ta yatsa kamar ƙyaure, buɗewa da ruhewa. Tsakanin ƙasussan baya kuwa akwai ƴan matasai na guringuntsi, kowane yana motsi kaɗan.

Rauni uku ke samun wurin. Targaɗe shi ne igiyar gaɓa ta miƙe ko ta yage, ƙashi yana wurinshi. Gocewa ita ce kan ƙashi ya hita daga mazauninshi. Karaya kuwa ƙashin ne da kanshi ya karye.

Ba na zagin maɗora, da yawansu sun san aikinsu. Amma ku tuna jijiyar jini da jijiyar saƙo suna bin gehen ƙashi. Wuri in ya karye kumbura yake yi. In anka ɗaure da kara tamau, jini ba ya wucewa, naman ƙasa sai ya mutu. Bayan ɗori ku riƙa duba yatsu. In sunka yi sanyi, ko sunka canza kama, ko mutum bai jin su, ko zahi yana ƙaruwa maimakon ya ragu, a kwance nan take, a tahi likita. Kada a jira gobe. Karayar da ƙashi ya huda fata, wannan ba ta maɗori ba ce, ta asibiti ce.

Yara kuma sai an ƙara kula. Kun lura in an dafa ƙashin ɗan akuya, kan ƙashin na ɓallewa kamar marhi? Nan ne ƙashi ke tsawo, guringuntsi ne bai ƙosa ba. Ɗiyanku ma suna da shi har su gama girma. Yaron da ya faɗo daga jaki, kusa da gaɓa ya kumbura, kada ku ce targaɗe ne kawai. In wurin nan ya lalace, hannu na iya girma a karkace.

JINI SHI NE HANYA

Gaɓa ba ita kaɗai take zaune ba. Ku bi kurɓin nono guda. Ya sauka ciki. Cikin saniya ɗaki 4 ne, babbansu tumbi. Na raƙumi 3. Namu guda. Daga ciki sai hanji. Hanji ya tsotse amfanin ya zuba cikin jini. Jinin ya biya ta hanta, ya isa zuciya. Zuciya ɗaki 4 gare ta, tamu da tasu duka. Ta tura shi huhu ya ɗauko iska, ya komo, ta sake tura shi jiki duka: ƙwaƙwalwa, ƙoda mai tace shi ta hidda hitsari, saifa, mahaifa, ɓargo, har tantanin gaɓa. Jinin babban mutum wajen litir 5 ne, kuma cikin minti guda zuciya na tura kwatankwacin haka, ko mutum yana zaune.

Bisa hanya akwai masu gadi. Su ne ƴan ƙulullutan da kuke tararwa cikin kitse, waɗanda in sun kumbura ga mutum muke cewa kaluluwa. Suna tare ƙwayoyin cuta. Amma wasu ƙwayoyin sun iya ɓuya cikin masu gadin da kansu.

Kun gani ke nan: abin da ya shiga ta baki yana iya hitowa ga gwiwa. Yanzu mu zo ga cutar.

BAKKALE GA BISASHE

Hulani na kiranta bakkale. Da Faransanci burseloz. Ƙwayar cuta ce wadda ido bai gani sai da madubin likita. Wani likitan sojan Ingila, David Bruce, shi ya gano ta cikin saifar sojojin da ta kashe ga tsibirin Malta cikin 1887. Cikin 1897 wani likitan bisashe na ƙasar Danmak, Bang, ya gano ƴar uwarta ce ke sa shanu ɓari. Cikin 1905 anka tabbata nonon awaki ne ke kai ta ga mutanen Malta. Nan ƙasarmu ma tana nan. Binciken da anka buga cikin 2013 ya same ta cikin jinin shanu, tumaki da awaki na Yamai da kewaye, har anka hidda ƙwayar daga ruwan gwiwar saniya.

Ga alamunta cikin garke:

1. Ɓari, ciki ya tsufa. Saniya wata 9 take ɗauka, sai ta zubar wajen wata 6 zuwa 8. Tunkiya da akuya cikin watanni biyu na ƙarshe.

2. Mabiyiya ta ƙi faɗuwa. Maraƙi ya zo ba ƙarhi, ko ya mutu da wuri.

3. Saniya ta daɗe ba ta sake ɗaukar ciki ba, nono ya ragu.

4. Marainan bajimi su kumbura.

5. Gwiwa ta kumbura, tuɓus-tuɓus kamar salka. Gammon nan ne da na gaya muku ya cika da ruwa. Sau da yawa ba zahi, saniya na tahiyarta.

Ba kowace kumburarriyar gwiwa ce bakkale ba. Yawan durƙuso bisa ƙasa mai tauri na kawo ta. Ɗan tunkiya da cibiyarshi ta ruɓe, gaɓoɓinshi na kumbura da zahi, wannan wata cuta ce. Amma in kunka ga gwiwa da ɓari cikin garke guda, ku yi zaton bakkale har sai awon jini ya ce ba ita ba ce.

Ga inda take ruɗin mutane. Saniya yawanci sau guda take ɓari. Baɗi ta haihu lahiya, mai ita ya ce ta warke. Ba ta warke ba. Ƙwayar na zaune cikin hantsa da ƙulullutan kusa da ita, tana hita cikin nono, tana hita da yawa duk lokacin haihuwa. Sauran shanu su lashi ruwan haihuwa ko su ci ciyawar da ya zuba, su ma su ɗauka. Raƙuma ma suna kamuwa.

BAKKALE GA MUTUM

Ƙofa uku take shiga: ɗanyen nono da cukun da anka yi da shi, hannu mai tsaga ko ƙujewa da ya taɓa ɗan ɓari, mabiyiya ko jini lokacin hiɗa, da ruwan da ya fantsama ga ido ko baki.

Bayan sati 2 zuwa 4, wani lokaci watanni, sai masassara. Ta zo da marece, ta sauka da sahe. Ta yi kwanaki ta tahi, ta sake komowa. Zuffa da dare har shimhiɗa ta jiƙe. Kasala, rama. Sannan gaɓoɓi: kwankwaso, inda ƙashin baya ya gamu da ƙugu, da katara, da gwiwa. Wasu maza maraina su kumbura. Mace mai ciki tana iya ɓari. In anka bar ta, tana cin matasan ƙashin baya, har mutum ya kasa duƙawa ya ja guga. Ba ta cika kisa ba, amma in ta kama zuciya tana kashewa.

Shekarun baya na je allura wani zango. Mai garken, ƙaƙƙarfan mutum da na sani, na tarar da shi kwance, ɗiyanshi ke kamun shanu. Ya ce mini: malam, wata biyar ke nan, sau uku ana ba ni maganin masassarar sabro, kwankwaso ya ƙi. An yi mishi ƙaho, an yi tsaga. Ina cikin allura na ga shanu biyu da gwiwa kamar ƙwarya. Na tambayi uwargidanshi, ta ce shanu uku sunka yi ɓari bara, kuma shi da hannunshi ya jawo mabiyiyar guda. Na rubuta ƴar takarda na ce ya kai ma likita. Anka auna jini, ita ce. Ya sha magani sati 6, masassara ta tahi. Amma har yau in ya daɗe tsaye sai ya dafa ƙugu. Wanda ya duba shi da farko bai ga shanun ba, shi kuma bai faɗa ba, don bai san akwai dangantaka ba. Da ya sani, da wata biyar ɗin nan ba su tahi banza ba.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ku tafasa madara kamin a sha, kamin a zuba ta ta yi tsami. Tafasa na kashe ƙwayar. Tsami kaɗai ba abin dogara ba ne. Mata, wanga aiki hannunku yake. Na san za a ce ɗanɗano ya canza. In ta huce ku zuba ɗan tsohon nono na wadda anka tafasa, za ta kama. Yaran da ke bin bisashe, ku hana su tatsa cikin baki.

2. Kada ku taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya da hannu tsirara. In babu safar hannu, ku sa leda biyu ku ɗaure. Bayan nan ku wanke da sabuni har gwiwar hannu. Mace mai ciki da yara su nisanci wurin. Ku tuna masassarar Rift da ta kashe mutane da bisashe wajen Cintabaraden da Tasara, jihar Tawa, cikin 2016. Ita ma ɓari take sawa, ita ma ta hannu take kama mutum.

3. Ku gina rami mai zurhi ku binne, ko ku ƙone. Kada a jefa ma karnuka, za su ja shi cikin garke da bakin rijiya.

4. Wadda ta yi ɓari a ware ta, da wurin shan ruwanta, har ƙazanta ta daina hita.

5. Kada ku yi ma kumburarriyar gwiwa sakiya, kada ku tsaga ta. Ruwan nan yana ɗauke da ƙwayar. In ya zuba, kun shuka cuta cikin zango da hannunku.

6. Ku kira mu. Muna ɗibar jini mu aika gidan awo na LABOCEL. Ku sani allurar ciwon huhu da ake yi kowace shekara ba ta tsare bisa daga bakkale. Kuma bisar da ta kamu, babu allurar kasuwa da ke raba ta da ita, kada ku ɓata kuɗinku. Wadda awo ya tabbatar, shawara ita ce a hidda ta a yanka ga mahauta inda ake duba nama. Nama in ya dahu sarai ba ya da lahani. Na san magana ce mai nauyi. Amma kada a kai ta kasuwa a saida ma wani makiyayi, kada a bada ita habbanaye. Wannan ba zumunci ba ne.

7. In za ku sayi bisa ko ku ari bajimi, ku shafa gwiwa, ku duba maraina, ku tambayi labarin haihuwa.

8. Wanda masassara ta wuce sati biyu, ga ciwon gaɓoɓi, maganin sabro bai yi ba, ya koma likita. Ya faɗa da bakinshi: ni makiyayi ne, ina shan ɗanyen nono, bisashena sun yi ɓari. Maganinta ƙwayoyi iri biyu ne tare, sati 6 ba fashi. Wanda ya ji sauƙi ya bari, za ta komo. Mai ciki da ƙananan yara nasu maganin daban ne, likita ke zaɓa. Kada ku sayi kapso ga ɗan tebur, kada ku sha na bisashe. Kuma kada a guji marar lahiya, zama da shi ko cin abinci tare ba ya sa a ɗauka.

Ƴan uwa, Hausawa sun ce jiki magayi. Jikin saniyarku ma yana gaya muku labari, tun kamin naku ya fara. Yau da marece in garke ya komo, ku zagaya ku duba gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ku ƙidaya waɗanda sunka yi ɓari bana da bara. Abin da kunka gani ku zo ku gaya mini, ko ku gaya ma malamin bisashe na kusa da ku. Wanda ya iya karatu ya karanta ma waɗanda ba su zo ba, mata su ji tun da farko.

Allah ya ba mu lahiya, mu da bisashenmu. Allah ya sa albarka ga garke. Mai tambaya ya tambaya, ina saurare.